Yadda Kabo Mai Mafici Ya Noma Faso a Dutsen Hada

Duk wanda ya zauna a unguwar Tandabawi ta Makka a shekarun nan ya san Kabo Mai Mafici. Wanda bai san fuskarsa ba ya san iskarsa, don Kabo ba ya gaisawa da mutum sai yana yi masa fifita. Ka ce masa ina kwana, kafin ya amsa ya kaɗa maka mafici a fuska, wai ɗanɗano ne, kyauta. Ni Garba ɗan dako maƙwabcinsa ne. Fallen kwanon rufi ɗaya ya raba ɗakina da nasa, kuma kwanon yana da huda, saboda haka abin da zan faɗa muku ba a majalisa na tsinto shi ba.

Kabo Badamagare ne, ni kuwa Bakano, kun ga ke nan bawana ne tun kakanni. Shi ma haka yake faɗa a kaina, amma ku ƙyale shi, zafi ne ya taɓa shi. Maganarsa ma zan juya muku ita zuwa Hausar mutane, don in na rubuta ta yadda take fitowa daga bakinsa sai kun nemi tafinta.

Ya baro Damagaram da ƙafa yana saurayi, shi da amaryarsa Yalwa da jaki ɗaya. Jakin ya duba ya ga tafiyar ba ta ƙarewa ba ce, ya kwanta ya mutu a Wadai. Su kuwa suka ci gaba. Sun yi tsintar auduga a Sudan, sun yi kwaɓar ƙasa, sun yi kiwon tumakin wasu, har Allah ya sa suka hau jirgin katako suka haye teku. Ranar da suka shigo Makka, Yalwa ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa shiga tanda ba sai yau. Kabo ya dubi jama'a, kowa gumi yana tsiyaya masa har gemu, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga kasuwa."

Tun daga ranar yake saƙar mafici da kaba, yana yi masa baki da zare ja da kore, yana kasawa a hanyar Harami. A duk Makka shi kaɗai na sani yana yi wa zafi barka da zuwa. Ranar da kare ya kasa haushi don rana, ranar Kabo yake fitowa yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Da fankar lantarki ta shigo kantuna, ya ce iskar da ba ta bi ta hannun mutum ba babu albarka a cikinta, har yau ba ya bi ta ƙarƙashinta. Hannunsa na dama kuwa ba ya tsayawa. In ya yi fushi, fifita. In ya ji tsoro, fifita. In ciki ya murɗa masa, cikin yake yi wa fifita. Ku riƙe wannan, za ta yi amfani a gaba.

Burinsa ɗaya ne a duniya, a binne shi a maƙabartar Ma'ala. Ya ce ƙafar da ta tako daga Damagaram zuwa Makka ba za ta sake juyawa yamma ba. Har ya je ya dubo wurin, ya dawo ya ce da kyau, akwai iska.

Yalwa kuwa mace ce mai shiru, tana sayar da gyaɗa da kunun tsamiya a ƙofar gida. Ni gwauro ne, kuma tuwon Yalwa ne ya hana ni aure, don mai hankali ba ya haƙa rijiya a bakin kogi. Na faɗi wannan ne don ku san ni ma da tukunyata a kan wutar.

Abin ya faru ne bayan ƙaramar sallar da masu boko suka ce ta faɗo a farkon 1968. Ƙanen Yalwa, Abdulganiyyu, ya iso aikin hajji da wuri ta motar ƙasa. Aka yi murna, aka yi koke-koke, aka lissafa waɗanda suka rasu. Yalwa ta daure duk wannan. Sai da ya zauna zai yi alwala ya cire takalmi, ta ga dunduniyarsa. Faso ne, jama'a, irin na gida, ya tsattsage kamar bakin tafki da rani, wani ma kana iya ɓoye tsakuwa a ciki.

Yalwa ta durƙusa ta ɗauki ƙafar da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri. 'Yarsu Hauwa, haifaffiyar Makka, wadda ta zo daga gidan mijinta ganin kawu, ta leƙo ta ce da Larabcinta, "Esh hada, ya Ummi? Mene ne wannan, Inna? Ciwo ne? A kai shi asibiti." Nan Yalwa ta fashe da kukan da ba ta yi wa mamata ba.

Bayan la'asar na kai idona hudar kwano, na ji tana cewa, "Malam, in an sauko daga Arfa zan bi Abdulganiyyu gida."

Maficin Kabo ya ƙara gudu. Ya ce, "Me na yi miki, Yalwa?"

"Ba ka yi mini komai ba. Sanyi nake so in ji kafin in mutu. In tashi haƙorana suna kaɗawa, a hura wuta a tsakar gida, a kewaye ta ana jin ɗumi. Dubi ƙafata, Malam. Wannan ƙafar mutum ce? Kamar ɓararren ƙwai. Ƙasar da ba ta iya fasa wa mutum dunduniya ba, ba ta ma san yana kanta ba."

"Ai ana sanyi a nan."

"Abin da kuke kira sanyi a nan, ranar da mutum bai jiƙa riga ba ce kawai."

Maficin Kabo yana ta aiki. Can ya ce, "To in ta fasa fa?"

"In ƙasar nan ta fasa mini ƙafa, na zauna."

Abdulganiyyu ya ce ya shaida. Ni ma na sa baki a huda na ce, "Na shaida!" Kabo ya jefi kwanon da takalmi ya ce, "Bawan nan, wa ya sa da kai?"

Da farko ƙanƙara ya sayo, irin sanda ɗin nan da masu sharbat ke fasawa, ya sa mata a ƙarƙashin gado. Gari ya waye tabarmarsu da tawa duk sun zama fadama, ƙafar Yalwa kuwa sai sheƙi ta ƙara. Ya jiƙa maficai biyu ya tsaya yana yi wa dunduniyarta fifita daga hantsi har azahar. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, kaji ma sun taru suna kallo.

Da na ga ya rame, sai na ce bari in tsokane shi. Na ce, "Kai da ba ka san gari ba. Ka hau Hada mana. Can sanyi yake zube ba mai shi. Masu kuɗi sun gudo sun bar shi, ko gadi ba a yi."

Hada, ga wanda bai sani ba, dutse ne a hanyar Ɗa'ifa. Nan attajiran Makka ke gudu da bazara su sha iska, in sanyi ya kawo kai kuma su kulle gidajen su gangaro. Ko mahaukacin Makka ya san wannan. Ni dariya nake jira. Sai na ga maficin ya tsaya cak, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ashe a bakin Bakano ma alheri yana faɗowa bisa kuskure."

Akwai wani Balarabe mai sayar da yadi da ke sayen maficansa, yana da ɗan ɗakin dutse a lambunsa a can sama. Kabo ya je aron ɗakin. Balaraben ya ce, "Yanzu? A wannan wata?" Ya yi dariya har ya zame daga kan buhun yadi, ya kira maƙwabta suka zo suka ga Kabo, sannan ya ba shi makulli, ya ce in ya dawo da rai ya biyo ya ba shi labari.

Ni aka ɗauka dako, lada tuwo. Kayan kuwa ga su: turmi, tukwane, gero, tsamiya, ƙwaryar man kaɗe da Abdulganiyyu ya kawo tsaraba, da gidan sauro, don shi ne abin rufa mafi kauri da aka samu a layinmu. Sai wani ƙaton buhu. Na ɗaga na ji ƙaf-ƙaf. Na ce, "Bawana, me ke ciki?"

"Maficai. Waɗanda na saƙa don alhazai."

"Za ka kai wa sanyi mafici?"

"Ɗan kasuwa ba ya tafiya hannu biyu. Ku Kanawa ai kun san wannan, ko da yake ku kayan wasu kuke tafiya da su."

Muka sami motar kayan lambu za ta hau ba komai a bayanta. Direban ya dube mu ya ce, "Wa ya rasu?" Kabo ya ce ba kowa, shan sanyi za mu je. Direban ya yi salati, ya sa mu can ƙarshen bodi, nesa da shi. Sabuwar hanyar dutsen nan kuwa maciji ma sai ya yi amai a kanta. Muna hawa, duk motar da muka gamu da ita saukowa take, mutanen ciki suna leƙowa suna nuna mu da yatsa.

Ɗakin na dutse ne, ciki ɗaya da ɗan zaure, ni aka ba zauren. Muna buɗe ƙofa sai gajimare ya biyo mu ciki ba sallama. Wallahi gajimare, irin wanda kuke gani a sama, nan a ƙasa yake yawo kamar akuyar unguwa. Yalwa ta tsaya ta hura iska, ta ga hayaƙi yana fita daga bakinta, ta sake hurawa, ta yi wata 'yar dariya kamar yarinya. Kabo kuwa ya zaro mafici yana kora gajimaren waje, yana cewa, "Fita, fita, gidan aro ne."

To kun tuna na ce ku riƙe maganar hannunsa. Sanyi ya kama Kabo, jikinsa ya gaya masa akwai damuwa, hannunsa kuma magani ɗaya ya sani. Sai ya hau yi wa kansa fifita. Yana fifita sanyin yana ƙaruwa, sanyin yana ƙaruwa yana ƙara gudu, haƙora suna kaɗa kalangu. Na ce, "Ajiye mana!" Ya ce, "B-ba ni n-nake yi ba." Sai da muka ɗaure masa hannun a ƙugu da igiyar turmi.

Washegari aka aike mu cikin ƙauye neman gawayi, da itace, da kananzir, da ashana, da gurasar nan tasu tamis. Ƙauyen bai fi a yi atishawa a wuce shi ba. Kanti ɗaya ne a buɗe, mai shi wani tsoho ne cikin rigar buzu, shi ne mai gawayi, shi ne wanzami, shi ne ladan. Kabo ya shimfiɗa buhu a ƙofar kantin, ya jera maficai, ya ja gefe yana rawar ɗari yana kiran ciniki da Larabcinsa mai kama da tuwon da bai nuna ba. Kafin ka ce kwabo duk ƙauyen sun fito, kowa a dunƙule cikin bargo, sun yi da'ira. Kabo ya matsa ya yi wa wani dattijo ɗanɗanon nan nasa na kyauta. Dattijon ya yi atishawa, ya ce, "Majnun," wato mahaukaci, ya koma gida.

Sai tsohon mai kanti ya ɗauki ɗaya, mai bakin jan zare, ya juya shi, ya tsuguna gaban kaskonsa ya kaɗa. Gawayi ya yi ja nan take. Jama'a suka ce, "Aaa!" Tsohon ya ce zai karɓi maficai duka, ya ba mu gawayi da itace iyakar zamanmu.

Kabo ya fizge abinsa. Ya ce da ni da Hausa, "Garba, gaya masa. Maficin nan fuskokin malamai yake shafa a ƙofar Harami. Alƙalai sun riƙe shi. Ba a saƙa shi don gindin tukunya ba."

Na ce, "To ai a gida ma da shi ake hura wuta."

"Na gida daban. Nawa na fuska ne."

Ya tattara kayansa muka koma da ashana da tamis kawai. Muka tarar da Yalwa a tsakar lambu ta haɗa duwatsu uku, ta tsinto 'yan ƙirare jiƙaƙƙu tana ta hurawa, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, wuta ta ƙi. Ta ɗago kai. Ta dube shi, ta dubi murhun, ta ci gaba da hurawa. Kabo ya tsaya ya daɗe. Sai ya saɓa buhun ya juya shi kaɗai. Da ya dawo buhun gawayi ne a kansa, fuskarsa baƙi ƙirin, mafici ɗaya tak ya rage, ya soke shi a ƙugu. Ban tsokane shi ba sai bayan magariba.

Daga nan aka shiga noman faso gadan-gadan. Kabo ya ɓoye ƙwaryar man kaɗe don kada ta manta ta shafa. Kullum da sassafe a sha kunu a bakin wuta, sannan a fita hawan dutse, Yalwa ba takalmi. Ni a baya da butar shayi, shi a gaba yana zaɓar mata hanya: "Bi nan, Yalwa, nan ya fi kaifi." Mun ratsa itatuwan da suke kira ar'ar, masu ɗigar ruwa, mun bi hanyar awaki, mun hau har inda dutse ya yanke, ka leƙa ka ga hanyar da muka biyo kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Da yamma kuma ya tsuguna ya ɗaga fitila yana duba dunduniyarta kamar manomin da ke jiran tsiro. "Ga wani layi nan!" Ta ce, "Gashin akuya ne, Malam."

Wuta ba ta rasa baƙi. Dutsen nan cike yake da goggon biri, kuma tun safiya ta biyu suka fara zuwa. Su zauna a kan katangar lambu, su matso, su matso, har suka shigo da'ira suna miƙa tafin hannu ga wuta yadda suka ga Yalwa tana yi. Ita kuwa ko a jikinta. Ta raɗa musu sunayen matan unguwarsu ta Damagaram. "Shatu, matsa wa Ummulkhairi. Ke kullum sai kin tare wuta, halinki yana nan." Ta yi ta ba su labarin waɗanda suka yi aure da waɗanda suka rasu, suna sosa ciki suna saurare. Ni dai ban taɓa jin Yalwa ta yi magana mai tsawon haka ba. Wani ƙato a cikinsu ya zare maficin ƙugun Kabo, ya hau katanga ya kaɗa wa kansa sau biyu, ya yi tsuwa, ya jefo masa abinsa. Na ce, "Ka gani? Biri ma sau biyu ya yi ya gane."

Sai dai abin da Kabo bai lissafa ba, sanyin Hada jiƙaƙƙe ne. Faso kuwa busasshen sanyi yake so. Gajimaren nan kullum yana lasar ƙafar Yalwa, dutsen kuma yana goge mata ita, sai ga dunduniya ta koma kamar ta amaryar da aka fito da ita daga lalle.

Shi kuwa gogan naku, shi ne mai zuwa ƙauye kullum cikin silifas, shi ne mai ɗebo ruwa, in ya dawo kuma ya tura ƙafafunsa cikin toka mai zafi har sai an ji ƙauri. Wata safiya ya ja ni bayan ɗaki ya ce, "Bakano, in ka yi dariya sai na kashe ka." Ya ɗaga ƙafa. Jama'a, na Abdulganiyyu wasan yara ne. Wannan har da 'ya'ya da jikoki, wani yana fitar da jini.

Na ce, "Barka! Gona ta yi kyau, sai dai a gonar maƙwabci aka yi shukar."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ta gani na shiga uku. Za ta ce ƙasar ta san ni, ita ce ba ta sani ba. Ka ga ta sami hujja." Ya yayyaga tsohon buhu ya naɗe ƙafafun har ƙauri, ya ce wa Yalwa sanyi ne. Haka ya ci gaba da jan mu hawan dutse, yana taku kamar kaza a kan garwashi, in ta waiwayo ya miƙe ya yi murmushi.

Gero ya ƙare, alhazai sun fara cika gari, dole a sauka. Yalwa ta yi sallama da su Shatu, ta wanke ƙafarta ta duba da kanta, ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Malam. Allah bai yi ba." Kabo ya zauna a kan turmi. Ko fifita bai yi ba. Ni ma na fara tunanin wace bazawara ce a Tandabawi ta iya miyar kuka.

To a hanyar saukowa akwai miƙati, Wadi Muhrim. Malamanmu kuwa sun ce wanda ya fita har ya wuce miƙati, ba ya komawa Makka haka nan gaba gaɗi, sai ya ɗaura harami ya shiga da umra. Kabo ba ya wasa da wannan. Mota ta tsaya, muka yi wanka da ruwan da ya sa na tuna sunan kakata ta wajen uba, muka ɗaura zannuwa biyu-biyu, kai a buɗe, iska tana shiga ta ko'ina. Na fito, Kabo bai fito ba. Na leƙa na gan shi tsaye yana kallon ƙafafunsa. Mai harami ba ya rufe dunduniya. Wannan ko Badamagare ya sani.

Ya ce, "Ba wata fatawa, Garba?"

Na ce, "Ni ɗan dako ne."

Ya kwance tsummokaran ya fito cikin silifas, yana tafe da baya da baya don kada ta gani, wanda kuma shi ne ya kai mata dunduniyar har gaban ido.

Yalwa ta ce, "Tsaya."

Ya tsaya, yana karkarwa, zane yana kaɗawa.

"Tun yaushe?"

"Yalwa, ba da gangan na yi ba. Ke na nema wa."

"Da wannan kake hawa dutse?"

Ya dubi silifas ɗinsa.

"Ka yi niyya?"

"Tukuna."

"To kada ka yi. Garba, ina man kaɗen da kuka ɓoye a cikin turmi kuna zaton ban sani ba?"

Akwai mai shayi a wurin da kaskon gawayi. Ta ja kaskon ba ta ko tambaye shi ba, ta zaunar da Kabo a kan dutse, ta zare maficin nan ɗaya da ya rage, na fuskar malamai, ta hau hura wuta da shi. Na dubi Kabo ina jira. Ko uffan. Ta narka man a murfin tukunya, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, tana ɗiga shi da zafinsa cikin kowace tsaga tana murzawa da babban yatsa. Yana ihu, tana cewa, "Yi shiru, ƙato da kai. Haka Inna take yi wa Baba kowace safiya, shi ko motsi ba ya yi." Direba yana ta oda, ta ce masa da Hausa in yana sauri ya tashi sama. Fasinjoji suka gaji da jira suka sauko, suka kewaye kaskon cikin haraminsu, kowa ya miƙa hannu. Mai shayi ya ga kasuwa ya ɗora buta. Yalwa ta ɗaga kai ta dubi da'irar, ta ce wa wani Baturke mai jan gemu, "Matsa wa ɗan'uwanka mana," ta ci gaba da murza.

Da muka gama umra muka isa gida, Abdulganiyyu yana ƙofa. Ya ce, "Yaya, a nuna wa shaida."

Ta nuna masa ƙafar Kabo.

Ya ce, "A'a, Yaya. Cewa kika yi in ƙasar ta fasa miki ƙafa."

Ta ce, "To wannan ta wace ce? Taka ce? In na tafi wa zai shafa masa, wannan gwauron? Shanye man zai yi da gurasa." Ta shige ciki ta ɗora tukunya. Ta leƙo kuma ta ce, "Ka gaida mutan gida. In wani zai zo baɗi a aiko da man kaɗe, babbar ƙwarya."

Hajjin shekarar Kabo bai sayar da mafici ko ɗaya ba, suna can Hada suna hura wa Larabawa wuta. Dako ya bi ni muka yi a Mina, yana ɗingishi, yana yi wa kayan alhazai fifita. Wani tashin hankalin kuma, zafin Makka ya fara haɗe masa fason. Ta hudar kwano na gan shi kullum bayan azahar, in Yalwa ta fita da gyaɗa, yana tura ƙafa cikin tokar murhu yana addu'a kada ta sake shawara, bai daina ba sai da aka tabbatar masa jirgin ruwan su Abdulganiyyu ya bar Jidda.

Yanzu duk shekara, sanyi na kawo kai attajirai na gangarowa, za ka ga motar kayan lambu tana hawa da mutum uku da turmi. Yalwa ce ta sa sharaɗin, wai su Shatu suna jiranta. Balaraben mai yadi ya daina dariya, har ya fara tambaya ko akwai wuri a zauren. Kabo kuwa tun watan yana saura yake saƙa wasu maficai masu kauri marasa zare, ya ce waɗannan na gindin tukunya ne, kada a haɗa su da na fuska. Ranar tafiya shi da kansa yake miƙo mini igiyar turmi, ya juya mini hannun dama, ya ce, "Ɗaure, bawa. Kuma in ka yi dariya."

Ni kuwa ina yi.